Ranar da na bi masuntan Elmina cikin teku

Ni ba ɗan ruwa ba ne. A ƙasar Haɗejiya aka haife ni, kuma iyakar sanina da ruwa a ƙuruciya shi ne kogin da ke cika da damina ya janye da rani, sai fadamun da muke bi muna lalubar tarwaɗa a cikin taɓo idan ruwa ya ja baya. Na girma na yi karatu, na kama aikin koyarwa a jami'a, na tsallake teku a jirgin sama fiye da sau ɗaya, amma ban taɓa zama a kansa ba. Wanda kuwa ya hango teku ta tagar jirgi bai san shi ba. Saboda haka da hutuna ya zo a farkon watan Satumban 2023, wani abokina da muka yi digiri na biyu tare, haifaffen zangon Cape Coast a ƙasar Ghana, ya matsa mini in je in huta a wajensu, sai na amsa. Niyyata in kishingiɗa a inuwar kwakwa in karanta littattafan da duba takardun ɗalibai ya hana ni buɗewa. Kamun kifi ba ya cikin shirina ko kaɗan.

Masaukin da ya nema mini yana yamma da garin Elmina, wanda mutanensa ke kira Edina, tafiyar kimanin kilomita 12 daga Cape Coast. Ɗakuna ne 'yan kaɗan a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, gabansu rairayi, gaban rairayin kuma Tekun Atlantika, babu tsibiri babu tudu har iyakar ganin ido. Lokacin sanyin wannan gaɓa ne. Sama takan wuni a lulluɓe, iska na kaɗawa daga kudu maso yamma, igiyar ruwa kuma tana dukan gaɓa dare da rana da ƙara irin ta rugugin hadarin da ya ƙi saukowa. Daren farko ban runtsa ba. Kwana biyu na yi ina abin da baƙi ke yi, in ci, in kwanta, in sha ruwan kwakwa, in buɗe littafi in rufe. Amma kullum da sassafe sai in hango jerin kwalekwale suna wucewa can nesa, tutocinsu na filfilawa, su hau igiyar ruwa su ɓace a bayanta har in ce sun nutse, sai kuma su sake ɓullowa. A rana ta uku, wata Litinin, na ce wa abokina ina son in ga inda suke fitowa.

Elmina gari ne da tarihi ya ɗora wa nauyi. A kan falalen dutsen da ke bakin teku akwai wani ƙaton farin gini mai kauri kamar ganuwa, wanda Turawan Fotugal suka gina a shekarar 1482 don cinikin zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. A cikinsa aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jiragen da za su tsallaka da su nahiyar Amurka. Nan ake fara kai kowane baƙo, kuma haka ya dace. Na shiga ɗakunan da aka tsare su, na tsaya a 'yar siririyar ƙofar da wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa, na fito jikina a sanyaye. Da na hau saman ginin na leƙa ƙasa, sai na ga garin da ke raye a yau. Wani tafki mai haɗe da teku, sunansa Benya, ya ratsa tsakiyar gari, cike maƙil da ɗaruruwan kwalekwale gefe da gefe, har mutum zai iya tsallake shi ƙafa a bushe in ya riƙa takawa daga wannan zuwa wancan.

Kowane kwalekwale an fafe gindinsa daga kututture guda na itacen da suke kira wawa, wanda 'yan katako a Najeriya suka sani da obeche. A dazuzzukan cikin ƙasa ake sassaƙa shi, a ɗauko shi a babbar mota zuwa gaɓa, kafintoci su ɗora masa katakai a gefe don ya ƙara zurfi, a shafe shi da fenti kala-kala, a rubuta masa suna ko addu'a, a kafa masa tutar wata ƙasa ko ta ƙungiyar ƙwallon da mai shi ke so. Maza ke shiga teku, amma kasuwar ta mata ce. Su ke yanke farashi a bakin ruwa, su ke ba masunta bashin kuɗin mai, su ke yin banda a kan wani murhun laka mai faya-fayen raga da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, wanda ake kira Chorkor, sunan unguwar masunta ta birnin Accra inda aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1960. Daga nan bandar ke bin mota zuwa Kumasi da Techiman da Tamale. A cikin hayaniyar kasuwar kunnena ya riƙa tsinto Hausa, daga bakin masu koko da ƙosai da masu shinkafa da wake, abincin da duk Ghana ke kira waakye, sunan da ya samo asali daga waken nan namu.

Abokina ya kai ni wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Fante mai kwalekwalen fatsa, wanda kowa ke kira Egya, wato baba. Shekarunsa sun haura sittin, gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar ƙirgi. Da aka ce masa daga Najeriya nake sai ya yi dariya, ya ce ya san ƙasarmu, don ya yi su a gaɓar Legas yana saurayi har zuwa 1983, shekarar da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Abokina ya ce ai shi ma kawunnansa biyu sun bar Ghana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta yi wa baƙi irin wannan kora. Egya ya miƙo mini hannu, abokina ya fassara mini cewa wai an yi kunnen doki, sai a yafe wa juna. A nan take na ji bakina ya furta abin da ban shirya ba, na ce ko zai tafi da ni teku. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce zai tafi da ni, in zan sayi mai da ƙanƙara da kifin da za a sa wa ƙugiya, in kuma ba yaransa wani abu. Kifin da aka kama nasu ne, ban da wanda zan ci. Amma ba gobe ba, gobe Talata.

A Elmina, da mafi yawan garuruwan Fante na wannan gaɓa, ba a shiga teku ranar Talata. Asalin abin yana cikin addininsu na gargajiya, inda ake ɗaukar ranar a matsayin ta abin bautar teku, amma a yau Kirista da Musulmi da mai gargajiya duk suna kiyaye ta. Ranar ce ake ɗinke taru, a gyara inji, a kai ƙara gaban shugaban masunta, wanda matsayinsa ya yi daidai da na Sarkin Ruwa a wajenmu. Shi ma tafkin Benya akan hana su a cikinsa na wasu makonni kowace shekara, sai a buɗe shi da bikin Bakatue a Talatar farko ta watan Yuli. Da aka faɗa mini haka sai Argungu ta faɗo mini a rai, inda ake killace Matan Fada tsawon shekara har sai ranar biki.

Ranar Laraba bayan asuba na isa bakin tafki. Abokina ya ce shi kifin da ya sani na cikin faranti ne, zai jira ni a tudu. Mu shida ne a cikin kwalekwalen: Egya, da ɗansa mai riƙe da inji, da ma'aikata biyu, da wani matashi ɗan zango da ya zama tafintana, sai ni. Na sanyo rigar kariya daga nutsewa da na aro a masauki. Samarin suka kyalkyale da dariya, Egya ya daka musu tsawa, ya ce mini kada in kuskura in cire ta. Muka sulale cikin duhu muka nufi bakin da tafkin ke haɗuwa da teku. A nan ɗan Egya ya rage wuta, ya zura wa ruwa ido yana ƙirga igiyoyin da ke tasowa, ya bar uku suka wuce, sannan ya murɗa injin gaba ɗaya. Goshin kwalekwalen ya ɗaga sama har na ga babu komai a gabana sai gajimare, ya faɗo da ƙarfi, ruwan gishiri ya wanke mini fuska. Duk addu'ar da na iya sai da na karanta ta.

Ba mu yi rabin sa'a ba jiri ya kama ni. Wanda bai taɓa jin tashin zuciyar teku ba, ba zai gane ta da bayani ba. Ba ciwo ba ne da za ka nuna wurinsa. Duniyar ce gaba ɗaya ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na sunkuyar da kai, ɗan zangon ya ce, "Malam, kada ka dubi cikin jirgi, dubi can inda ruwa ya gamu da sama." Ya miƙo mini ɗanyar citta na tauna. Na amayar da ɗan shayin da na sha, sannan na samu sauƙi. Bayan kamar sa'a ɗaya da rabi, farin ginin nan ya zama ɗigo, ya ɓace cikin hazo. Ɗan Egya ya ciro wata 'yar na'urar nuna wuri daga leda yana dubawa, uban kuwa launin ruwa yake kallo. Kusan a lokaci guda suka ɗaga hannu. Aka kashe inji, aka jefa anga. Egya ya ce akwai duwatsu a ƙarƙashinmu, zurfin gaba goma sha bakwai, kimanin mita 30 ke nan, kuma mahaifinsa ne ya nuna masa wurin.

Na tsoma hannu na ji ruwan da sanyi kamar na randa. Wannan sanyi shi ne arzikin gaɓar Ghana. Daga watan Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashin teku mai sanyi yakan taso sama, ɗauke da sinadaran da suka kwanta a ƙasa. Da sun gamu da hasken rana sai ƙananan tsirrai da halittun da ido ba ya gani su yaɗu, garken ƙananan kifaye su biyo su, manyan kifaye kuma su biyo ƙananan. Cikin ƙananan akwai nau'in sadin da Fante ke kira eban, da wasu 'yan mitsi-mitsi da ake yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta. Waɗannan su ne kifin talaka. Watannin nan uku su ne kakar masunci, a cikinsu yake biyan bashi, ya yi aure, ya sa yara makaranta, kamar yadda manomi ke jiran amfanin gona.

Fatsar teku ba ta da sanda. Zaren roba ne mai kauri a naɗe a jikin guntun katako, a ƙarshensa dunƙulen darma, sama da darmar kuma ƙugiyoyi uku a jere. Aka yanka sadin gunduwa-gunduwa aka soka. Ɗan zangon ya naɗa mini tsinken robar taya a ɗan ali don kada zaren ya yanke ni. Za ka saki zaren har ka ji darmar ta taɓa ƙasa, ka ɗaga shi kamu ɗaya, ka ɗora a kan yatsa ka jira. Duk ilimin yana cikin yatsan. Ruwa na ja, kwalekwale na hawa da sauka, darma na gogar dutse, kuma a cikin wannan duka dole ka rarrabe ɗan taɓin da ke nuna baki ne ya kama. In ka fizga da wuri ka tsorata shi, in ka makara ya cinye ya tafi. Sau bakwai ina jawo zare in tarar da ƙugiya fayau. Ɗan zangon ya ce, "Malam, kai dai sadaka ka zo yi musu." Egya kuwa ko zaren ba ya kallo. Yana zaune yana hira, sai ka ga hannunsa ya motsa, jan kifi ya faɗo cikin jirgi.

Wajen hantsi na ji wani ja daban, sau biyu a jere, sannan nauyi. Na fizga kamar yadda aka koya mini, na shiga jawowa hannu bayan hannu, zaren yana rawa yana yanka ruwa. Samarin suka hau ihu. Can sai ga wani abu ja yana walƙiya a ƙarƙashin ruwa, yana ƙara girma, har ɗaya daga cikin ma'aikatan ya sa hannu ya cafko shi. Jan kifi ne, tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, farin cikin da na yi a lokacin ya yi kusa da wanda na yi ranar da aka ce na kare digirina na uku. Jiri ya tafi, tsoro ya tafi, na fara jin kaina masunci.

Wannan jin kai ne ya kai ni ga kuskure. Kifi na biyu da na kama ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba. Na karanta, na kuma sha faɗa wa mutane, cewa kama kifin da bai kai haihuwa ba daidai yake da cinye iri. Saboda haka na cire masa ƙugiya a hankali, na jefa shi cikin ruwa, ina jin na yi abin kirki a gaban jama'a. Hira ta tsaya cik. Kifin bai nutse ba, ya taso yana yawo a kan ruwa, ciki a sama. Daga baya na fahimci dalili: kifin da aka jawo da sauri daga irin wannan zurfi, jakar iskar da ke cikinsa takan kumbura, ya kasa komawa ƙasa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya miƙa filafili ya janyo shi, ya jefa a akwatin ƙanƙara, bai ce komai ba. Ɗan Egya ne ya yi magana da harshensu, murya a sama, yana nuni da haɓa zuwa kudu.

Na ce wa ɗan zangon ya fassara. Ya yi jim, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, maganar yaro ce." Na ce ya faɗa mini duk da haka. Ya ce, "Wai ko da ya rayu, wancan zai kwashe shi kafin dare. Wai ku masu karatu kullum ƙaramin hannu kuke gani." Na duba inda aka nuna. Can a iyakar gani akwai wani jirgin ƙarfe yana tafiya a hankali, irin manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku. Egya ya tsawata wa ɗansa don ya yi wa baƙo rashin kunya. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, abin da ka yi ba laifi ba ne, ubana ma yakan yi. Amma a zamaninsa in ka mayar da kifi, kai za ka dawo ka same shi."

Abin da ya ba ni labari a sa'o'i biyun da suka biyo baya, na tarar da shi a rubuce bayan na dawo. Dokar kamun kifi ta Ghana ta shekarar 2002, wadda ke aiki a lokacin, ta keɓe wa masu kwalekwale ruwan da ke kusa da gaɓa, mil shida na teku ko zurfin mita 30, manyan jirage kuma lasisinsu na kifin ƙasan teku ne. Amma shekaru da yawa wasunsu suka koma kwasar ƙananan kifayen da talaka ya dogara da su, su daskarar da su kamar alluna, su sayar wa wasu manyan kwalekwale a tsakiyar teku. Wannan haramtaccen ciniki shi ake kira saiko, kuma Elmina ce ta kasance babbar tasharsa. Ƙungiyar Environmental Justice Foundation da takwararta ta Ghana, Hen Mpoano, sun ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai an sauke kimanin tan 100,000 ta wannan hanya, akasarinsa kifin da bai girma ba. Ƙungiyar ta farko ta kuma ruwaito cewa kusan kashi 90 cikin 100 na jiragen, duk da tutar Ghana da suke ɗauke da ita, suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin. Sadin ɗin da ake saukewa a ƙasar ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 tsakanin 1996 da 2016. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi karo na biyu, gwamnati ta matsa lamba, sauke saiko a fili ya ja baya. Wannan kuwa a ƙasar da kifi ke samar da kimanin kashi 60 cikin 100 na abin gina jiki na dabba da mutane ke ci.

Egya bai ɗora laifin duka a kan baƙi ba, kuma wannan ne ya ƙara masa girma a idona. Ya ce kwalekwale ma sun yi wa tekun yawa, sun haura 12,000 a ƙasar. Ya ce da kifi ya fara ƙaranci, 'yan uwansa masunta sun koma shiga da janareta da dare, su zura fitila mai ƙarfi cikin ruwa, kifi babba da ƙarami ya taru, su kewaye shi da taru mai ƙananan idanu. Wasu har nakiya suke jefawa. Doka ta hana duka. Shi ya ƙi, ƙanensa ya yi, kuma ƙanen ya gina gidan bulo, shi yana nan a gidan da ya gada. Yana cikin wannan magana na lura ɗansa ya juya mana baya. Ɗan zangon ya raɗa mini cewa watanni ke nan suna rigima, yaron yana son ya bar jirgin uban ya koma na kawunsa, don yana da mata da jariri, kuma fatsa ba ta ciyar da su.

Na tambayi Egya ra'ayinsa kan rufe teku da gwamnati ta fara yi wa masu kwalekwale a 2019, wanda a shekarar da na je ya kama watan Yuli gaba ɗaya, manyan jirage kuma Yuli da Agusta. Ya ce shi ya yarda da shi, don ko gona ana barinta ta huta. Ya ce sun yi wata guda suna cin bashi, an raba musu 'yar shinkafa da man girki, sun jure. Abin da ke ci masa rai shi ne a ce kifin da ya yi wata guda da yunwa don ya bar shi ya hayayyafa, mai fitila da mai jirgin ƙarfe su kwashe shi a mako biyu. "Ni na yi azumin," in ji shi, "wani ya sha ruwan."

Bayan azahar muka ɗaga anga. Da muka shigo tafki mata suka taso da kwanoninsu, matar da ke bin Egya bashi a gaba. Aka juye abin da muka samo, bai cika babban kwano biyu ba. Na tsaya na ga yadda ake lissafi: a fara cire kuɗin mai da ƙanƙara, abin da ya rage a raba biyu, rabi na mai jirgi da inji, rabi na ma'aikata. Kuɗin kifin ranar bai kai abin da na kashe a kan mai ba. Ma'ana, da babu ni a cikin jirgin, da mutum biyar sun wuni a teku sun dawo da ƙarin bashi. Ribar ranar ita ce kuɗin da wani malamin jami'a ya biya don nishaɗi. Na shiga teku ina ganin alfarma aka yi mini, na fito na gane ni ne kifin da aka kama, kuma ban ji haushi ba, kunya na ji.

Da daddare aka gasa mini jan kifina a masauki, aka kawo shi da dokunun Fante, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da dakakken barkono da albasa. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Ina ci ina tunanin gida. A ƙuruciyata dattawa na ba da labarin yadda ambaliya ke shimfiɗuwa a fadamun Haɗejiya da Nguru kafin a gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992. A kan idona kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A kan idona aka fara su da gidan sauro, ana zuba gamalin a tafki a kwashe uwa da 'ya'ya. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ya zama ɗan kaso na girmansa. Yau kifin da ya fi yawa a kasuwannin biranenmu na ƙanƙara ne, daga tekunan wasu ƙasashe, kuma ba mu taɓa tambayar daga bakin wa aka ƙwato shi ba.

Abin da na ɗauko daga Elmina shi ne, hutar da ruwa ba sabon ilimi ba ne da masana suka kawo wa masunta. Talatar Fante da Bakatue da Matan Fada, da tafkunan ƙauyukanmu da ba a taɓawa sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe, duk hikima ɗaya ce. Ta yi aiki ne saboda ta hau kan kowa, kuma wanda ya karya ta a gaban idon jama'a yake. Dokar zamani tana da alƙaluma da jami'ai, amma tana da saurin kama mai filafili, tana da nauyin ƙafa wajen mai jirgin ƙarfe. Illar haka ba ta tsaya ga ƙarewar kifi ba. Tana mayar da mai gaskiya wawa a idon ɗansa. Ranar da irin su Egya suka ƙare, babu yawan 'yan sandan ruwa da zai maye gurbinsu, don babu hukumar da za ta iya tsare kowane jirgi da tsakar dare. Hukumominmu da ke shirya dokokin su a Kainji da Haɗejiya da bakin Chadi suna da abin dubawa a nan: a fara da babba, ƙarami zai bi ba tare da bulala ba.

Wanda Allah ya kai shi irin wannan gaɓa, ina ba shi shawara kada ya ƙare hutunsa a kan kujerar masauki. Ya nemi masunci mai hankali ta hannun wanda ya san gari, ya sa rigar kariya ko da za a yi masa dariya, ya ci abinci kaɗan kafin fita, ya biya haƙƙin mutane ba tare da dogon ciniki ba, ya kuma riƙe wa'azinsa har sai ya gama sauraro.

Ranar Juma'a, kafin in kama hanyar Accra, na koma bakin tafki don sallama. Na tarar da Egya zaune a gefen jirginsa yana ɗaura ƙugiyoyi, ɗan zangon na taya shi. Ban ga ɗansa ba. Na tambaya, dattijon bai ɗago kai ba. Ɗan zangon ya ce tun daren jiya ya bi jirgin kawunsa. Na rasa abin faɗa, na ce Allah ya daidaita tsakaninsu. Egya ya ja zaren da haƙori ya ƙulle, ya yi wata gajeriyar magana. Aka fassara mini cewa wai ba komai, ranar Talata kowa yana gida, za su yi magana.